Awon Kan Bodari

Ran nan ina zaune a bakin tasha ina jiran amalanke ta kawo mini ƙasa, sai na ji ɗaya daga cikinku, ku masu baburan da ke jigilar mutane zuwa Konni, yana cewa idan fetur ya ƙara tsada shi kam zai ajiye babur ya koma ginin akurki irin na tsoho Labbo, wato ni ke nan, tunda ba komai ba ne sai laka da ruwa. Kuka kwashe da dariya, ni ma na taya ku, don ba ni da numfashin musu da ɗan kabu-kabu. Amma maganar ta bi ni har gida. To ku zauna in gaya muku abin da ke cikin lakar nan da kuke rainawa, in ya so wanda ya ga zai iya ya zo gobe da sassafe ya naɗe ƙafar wando.

Akurki ɗaki ne da ake kulle mai rai a cikinsa daga magariba zuwa wayewar gari. Idan ka toshe shi ruf, zafin bazarar Illela zai gasa maka kajin, ka buɗe da safe ka tarar da su baki a wangame. Idan kuma ka sakar masa kafar iska mai faɗi, ka yi wa ɓarawo ƙofa ke nan. Duk sana'ar tana tsakanin waɗannan biyun, a wurin da bai wuce faɗin 'yan yatsu ba.

Aikin farko da na yi a hannun maigidana, Baba Arzika, akurkin wata mata ne a Amarawa, kuma hannuna bai taɓa ginin ba. Taka laka na yi. Muka sassaro ƙasar suri da dagi, muka haɗa da jan gargari, muka zuba ramno, ciyawar nan mai laushi da ake yayyankawa, da busasshen kashin jaki, muka jiƙa muka bar ta ta yi ta kwana har ta fara tsami. Ina takawa, shi yana zaune a inuwa yana cin goro. Da na gaji na ce ta yi. Ya taso ya ɗebi curi ɗaya, ya ɗaga daidai ƙirjinsa ya saki. Curin ya dare gida biyu. Ya koma inuwarsa, na gane lakar ba ta yi ba tukuna. Sai da faso ya gama yayyaga mini dugadugai kafin ya yarda in ɗora laka a kan laka.

Ƙasa ake fara tsarewa, domin yawancin ɓarayin kaji ta ƙasa suke zuwa. A haƙa, a jera tsingaro da duwatsu, a daɓe da madaɓi har sai ya yi ƙara. Bango kuwa zobe-zobe ake ɗora shi, kowane zobe ya sha iska kafin a aza masa ɗan'uwansa, yana hawa yana tsukewa kamar tulu. Idan ya bushe a goge bayansa da dutsen gulbi har ya yi santsi, don kada maciji ya sami abin kamawa. Ƙofa a yi mata murfin katako da dutsen tokarewa. Duk wannan mai haƙuri zai koya a hankali. Kafar iska ce ba a yi da ido.

Baba Arzika yana da wani burgami, jakar fatar akuya, wanda ba ya rabuwa da shi ko masallaci za shi, sai dai ya rataye shi a waje. Abu ɗaya ne tak a ciki: ƙoƙon kan bodari. Ku 'yan gari na san iyakar saninku da bodari shi ne ku ji an zagi mutum da warinsa. Baƙi ne mai ratsin fari daga kai har wutsiya, girmansa kamar na kyanwa amma ƙafafunsa gajeru, a hannu yana kai nauyin kaza mai ƙwai. Da dare yake yawo. Idan ya ji tsoro sai ya juya baya ya fesa wani ruwa mai warin da ke sa ido hawaye. Shi ne babban abokin gabar mai kaji, don yana haƙa, yana hawa, kuma duk kafar da kansa ya wuce, sauran jikin zai bi.

Ƙoƙon kan ya tsufa har ya yi ja, amma haƙoransa suna nan cif. Baba ya gaje shi ne daga wanda ya koya masa gini. Yana kiransa Alƙali, wai don shi ke yanke hukunci. Duk kafar da muka huda sai an kai mata Alƙali sau biyu, tana ɗanya da kuma bayan ta bushe, saboda laka idan ta bushe tana janyewa, kafa ta ƙara faɗi ba ka sani ba. Idan ƙoƙon ya cije a baki, kafa ta yi. Idan ya zurma, a toshe a sake. Na tuna ranar da na huda tawa ta farko, na ja baya ina kallonta ina jin daɗi.

"Mi kaka kallo, Labbo?" in ji Baba. "Kai za ka shiga ciki? Ɗauko Alƙali."

Na ɗauko, na kai, ya zurma har ciki ya faɗa. Sai da na kwanta rub da ciki na zaro shi ta ƙofa, matan gida suna ta dariya.

Masu ba mu aiki iri-iri ne. Akwai matan 'yan kasuwa, masu son akurki da zane a jiki kamar ɗakin amarya. Akwai Fulanin ruga, waɗanda ba ruwansu da ado, su dai kada a taɓa musu 'yan zabi. Wani ya biya da naira, wani da sefa, wata da zakara ko ƙwaryar nono. Kowa kuwa idan an zo wurin fito da Alƙali sai ya matso. Mata suka fara cewa ai ba awo ba ne, asiri ne, bodari idan ya sansano kan kakansa ba ya kusantar wurin. Wata ta ce, "Baba, a ɗan zagaya mani da shi bayan akurkin mana, ko Allah shi sa a dace."

"Awo na, ɗiyata, ba magani ba," in ji shi. Amma yana murmushi yake faɗa, kuma ya zagaya ɗin. Bai taɓa cewa asiri ne ba, bai kuma taɓa tsayawa ya ƙaryata da gaske ba, domin maganar tana kawo aiki, har daga ƙetaren iyaka ake aiko masa. Ni ma a lokacin ban ga aibun abin ba.

Haka muka yi ta yi har na yi aure na haihu, ina gini da hannuna amma a ƙarƙashin sunansa. Sai ga shekarar da ruwa ya ɗauke tun gero bai fid da kai ba. Arewa ta kwararo mana gaba ɗaya: makiyaya da ramammun shanu, Buzaye da raƙuma, har da wasu tsuntsaye da ba mu san sunansu ba. Wanda shanunsa suka ƙare ya koma ga kaji da zabi, don su ne ke rayuwa da tsince-tsince. Aiki ya yi mana yawa, muna cewa Allah ya dube mu a cikin masifa.

Akurkin Alhaji Mainasara ne ya fara. Alhaji ɗan kasuwa ne mai kai wake da albasa Konni, yana kuma kiwon zabi a bayan gida, mu muka gina masa babban akurki ba da daɗewa ba. Da hantsi ya aiko a kira Baba. Muka tarar da mutane tsaitsaye a bakin akurkin.

"Arzika, zo ka shaƙa da hancinka," in ji Alhaji. "Ƙohwa ruhe muka iske ta, dutse na nan inda anka aje shi. Ta ina yab bi?"

Wari ne na bodari, ba ko shakka, kuma daga ciki yake fitowa. 'Yan zabin suna zube, kowanne da cizo ɗaya a ƙeya. Ƙwai an huda an shanye, ɓawon yana nan a jere. Kazar da ke renonsu tana tsaye a lungu da ranta, ba ta ko ƙyarƙyara, ta ƙura wa bango ido. Baba ya duba daɓe, lafiya lau. Ya zagaya bango yana ƙwanƙwasawa, ba tsaga. Na durƙusa ina neman sawu a rairayi. Sawun bodari ba ya ɓoyuwa, farata yake bari zara-zara. Abin da na gani wasu 'yan lotse-lotse ne marasa siffa, kamar an dangwala auduga a ƙasa.

Sai Baba ya yi abin da kowane magini zai yi, wanda kuma shi ne mafi muni da zai yi a gaban mutanen nan. Ya kwance burgami ya fito da Alƙali, ya bi kafofin ɗaya bayan ɗaya. Ko'ina ya cije, bai shiga ba. Shi yana nuna musu cewa gininsa ba shi da laifi. Su kuwa abin da suke gani daban ne: jan ƙoƙon kai da haƙora a bakin kafa, ga warin mai shi yana fitowa daga ɗakin da ba a buɗe ba. Na ga wata tsohuwa ta ja jikarta baya.

Kafin wata ya ƙare an yi irin wannan a Amarawa, an yi a Darna Sabon Gari, an yi a cikin gari gida bayan gida. Kullum labarin ɗaya ne: ƙofa a rufe, wari a ciki, ba sawu. Gaskiya akurkin kara da na kwando ma ana yi musu ɓarna a lokacin, har fiye da namu, amma wa zai yi mamakin ɓarawo ya shiga ɗakin kara? Namu ne ake magana a kai. Matan da suka roƙa a zagaya musu da Alƙali su ne suka fara tunawa da zagayen. Aka ce ashe ba kora yake yi ba, nuna masa gida ake yi. Aka ce da rana ƙashi ne a jaka, idan duhu ya yi sai ya mayar da namansa ya bi duk ƙofar da aka gabatar da shi. Wasu suka ce Baba ya sani, da jinin kajin mutane yake biyan abin da ke ba shi kasuwa.

Aiki ya tsaya cak. Wannan ma da sauƙi. Mutumin da ake tasowa a gaishe shi tun daga nesa, ya zama idan ya doso mai fura sai ta rufe ƙwaryarta da faifai. A masallaci gefensa ya riƙa zama fili. Mai unguwa ya kira shi ya ce mutane sun kawo kuka, ko dai ya nuna abin da ke shiga akurkin nan a gan shi da ido, ko ya bar gini a ƙasar nan. Baba ba shi da gona mai kirki, ba shi da wata sana'a, sunansa ne kaɗai jarinsa.

Wata rana da azahar muna zaune a zaurensa ba aikin yi, sai na ga ya ɗauko burgamin ya kai hanci. Ya daɗe a haka. Ya miƙo mini.

"Labbo, kai ma ka ji shina wari? Tun da nig gaje shi bai taɓa wari ba."

Na shaƙa. Warin yana nan kuwa. Na daure na ce ai dole ya yi wari, tunda kullum ana cusa shi a kafofin da abin ya bi. Ya ce, "Haka na." Ya mayar ya ɗaure. Daga ranar na lura ya daina rataye burgamin a ɗakin kwanansa, a bishiyar tsakar gida yake barinsa.

Aikin da ya warware mana rabin maganar na Goggo Kumbo ne. Bafulatana ce dattijuwa da ke zaune a ruga gaba da Darna, farin ya cinye mata shanu, abin da ya rage mata 'yan zabin da take sa wa kaji ƙwansu su ƙyanƙyashe. Mu muka yi mata akurki, kuma ita ba ta fasa nata ba don ba ta da wani. Ta tashi sallar asuba sai ta ji kaza tana bugun bango. Mace mai hankali, ba ta buɗe ba. Ta kwashi ɗanyen kashin shanun maƙwabta ta liƙe kafofin duka, ta jingina turmi a ƙofa, ta aiko wani makiyayi ya kira mu. Muka ɗora kaya a jaki muka kama hanya, muka isa rana ta ɗaga.

Baba ya sa ni na riƙe buhu a bakin ƙofa, ya janye turmin, ya zame murfin kaɗan. Warin da ya bugo mu sai da na ga wuta-wuta. Muka jira, ba abin da ya fito sai kazar, tana tangaɗi. Ya leƙa, ya sa hannu, ya jawo wani abu ta wutsiya ya yar a rairayi.

Matacce ne, ko in ce haka muka gani. Baki a buɗe, harshe a waje, jiki ya saki laɓo-laɓo. Muka ce iska ce ta ƙare masa a ciki. Goggo ta zungure shi da sanda, ta juya shi, bai motsa ba. Karen ruga ya zo ya sansana ya yi atishawa ya tafi. Ƙuda ya sauka a kan idonsa yana tafiya, idon bai ƙifta ba.

Bodari ne, amma ba wanda muka sani ba. Farinsa ya fi baƙinsa yawa, ratsin a kakkarye yake, ga wani farin zobe da ya kewaye masa fuska. Baba ya ɗaga shi, ya jijjiga hannu, ya miƙo mini. Na tara hannu da ƙarfin ɗaukar bodarin da na saba, sai hannuna ya yi sama. Ba shi da nauyi ko kaɗan, ko budurwar kaza ta fi shi. Bayan shekaru na shiga kanti sayen sukari, mai kanti ya ɗora mini ƙullin rabin kilo a hannu, na tsaya sororo, don nauyin ke nan, sai dai a ƙara ɗan wani abu. Tsawon jikinsa daga hanci zuwa gindin wutsiya bai kai daga wuyan hannuna zuwa gwiwar hannu ba, wutsiyar kuma ta ɗan gaza haka. Gashi ne ya cika shi. Idan ka matsa tsakiyarsa, yatsunka suna haɗuwa.

Na ce ko ɗa ne bai gama girma ba. Baba ya buɗe masa baki ya nuna mini haƙoran, sun cinye sun yi ja, tsoho ne tukuf. Ya juya tafin ƙafarsa, sai ga gashi ya rufe shi, shi ya sa ba ya barin sawu. Sannan ya fito da Alƙali ya jera kawunan biyu a ƙasa, kamar wa da ƙaramin ƙaninsa. Ya ƙwaƙule kashin shanun daga kafa ɗaya, ya kai kan mataccen. Ya shige sumul, har da sauran wuri.

Ban taɓa jin Baba ya yi dariya irin ta ranar ba. Har hawaye. "Ka gani, Labbo? Alƙali bai yi ƙarya ba. Wani ɓarawo na daban, wanda ba a taɓa kawo mai ba!"

Ya sa dabbar a burgami, ya sa Alƙali tare da ita don a jera su a gaban mai unguwa kowa ya gani, ya ɗaure bakin da irin ƙullinsa na kullum, ya rataye a bayan mangalar jaki. Goggo ta ce za ta biyo mu ta ba da shaida, don mutumin kirki ne bai kamata a ɓata shi a banza ba. Saboda warin, mu uku muka wuce gaba, jakin yana biye da mu a baya. Baba yana ta lissafin gidajen da zai koma ya tsuke musu kafofi kyauta.

Bayan la'asar mutane suka taru a gindin darbejiyar ƙofar mai unguwa, har da Alhaji Mainasara, don labari ya riga mu isa. Baba ya je ya sauke burgamin daga jaki. Yana ɗaga shi na ga ya tsaya. Hannun da ya yi shekara da shekaru yana auna curin laka ba ya ɓata nauyi, ko da na rabin kilo ne. Ya sani tun bai kwance ba, ni ma da na ga fuskarsa na sani. Amma ga jama'a sun zuba ido. Ya durƙusa, ya kwance ƙullin, ya kifa burgamin ya zazzage. 'Yan silin farin gashi suka faɗo, iska ta kwashe su. Ba komai kuma.

Goggo Kumbo ta matso, tana son ta taimaka. "Wallahi na gan shi, ranka shi daɗe. Matacce na. Na zungure shi da sanda, ƙuda na bisa idonai. Gabana anka sa shi ciki anka ɗaure."

"To jama'a, kun ji," in ji Alhaji Mainasara, bai ko ɗaga murya ba. "Matacce anka sa, ga ƙulli nan yanzu anka kwance shi gabanmu. Mi ka tashe matacce?"

Na fizgi burgamin na juya shi. A kusurwar ƙasa, wajen ɗinki, ga 'yar huda sabuwa, bakinta da alamar haƙori. Na ɗaga ina nunawa ina cewa ga inda ya ci fata ya fita. Wani daga baya ya ce, "Matacce ka cin hwata?" Wani ya fara a'uzubillahi, waɗanda ke gaba suka ja da baya. Goggo ta rufe bakinta da hannu, ta gane abin da shaidarta ta yi.

Mai unguwa mutum ne mai sanyi. Ya ce, "Arzika, ban ce ka yi ba, ban ce ba ka yi ba. Amma ka huta da ginin ga." A 'yan kwanakin da suka biyo baya ana ta jin ƙarar taɓarya a gidaje, ana farfasa akurkan da muka gina.

A hanyar gida ranar yatsun Baba suna cikin hudar burgamin. Biyu ke shiga, na uku ba ya shiga. Sai da muka kai ƙofar gidansa ya tsaya.

"Shi ƙaramin na yarda, Labbo, wataƙila da sauran rai garai. Amma Alƙali hwa? Kai ka san bai wucewa ta nan."

A duk hayaniyar nan ba wanda ya yi wannan tunanin, har ni. Alƙali ko a kafa mai yatsa uku cijewa yake yi. Ƙullin kuwa ba a taɓa shi ba. Washegari na koma na bi hanyar tun daga darbejiya har rugar Goggo, ina bin sawun jakinmu, ina tona rairayi da sanda, ko zan ga ɓallin ƙashi ko haƙori ɗaya in ce tauna shi aka yi. Ban ga komai ba. A cikin burgamin ma ko garin ƙashi babu. Da na dawo na gaya masa, sai ya gyaɗa kai kawai, ya miƙo mini burgamin ya ce in tafi da shi, ba ya son ya sake kwana a gidansa.

Bai daɗe ba ya tattara ya koma wurin 'yarsa da ke aure a ƙetaren iyaka. Nakan je gaishe shi. Ba maganar mutane ce ta karya shi ba, da wannan ce kaɗai da ya jure. Shi kansa ne ya daina sanin abin da ya yi shekaru yana ɗauke da shi a kafaɗa. Na taɓa tarar da akurkin 'yar tasa ya tsage tun daga sama har ƙasa, yana zaune a gabansa yana kallo, ga laka a kusa, bai taɓa ba. A can Allah ya yi masa rasuwa.

Bayan wasu shekaru, a kara, kasuwar dabbobi, ina ba wani labarin sai wani Buzu mai raƙuma ya tsoma baki. Ya ce ai wannan na tudun rairayi ne, su sun san shi sarai, ƙanƙane ne haka Allah ya yi shi, gashin ƙafar kuma don yashi ne. Yunwa ce ta koro shi kudu kamar yadda ta koro kowa. Ya ce idan ya ga ba mafita sai ya yi mutuwar ƙarya, ko a bakin kare yake ba zai motsa ba, sai an manta da shi ya tashi ya yi gaba. Daga baya ni ma na ga haka da idona. Na bi waɗanda suka rage cikin mutanen darbejiyar nan ina gaya musu, kowa ya ce Allah sarki, ya ci gaba da abin da yake yi. Buzun nan na tambaye shi maganar ƙoƙon kan. Ya dube ni, ya dubi burgamin da ke kafaɗata, ya ce wannan ba a bakinsa zan ji ba, ya ja raƙuminsa. Har yau ban san ta inda Alƙali ya fita ba, kuma ba zan yi muku ƙaryar na sani ba.

Da ƙura ta lafa mutane suka dawo neman magini, don kaji ba sa kwana a fili. Na sassaƙa ɗan turke daga icen aduwa daidai hudar burgamin nan, na rage masa kaɗan. Da shi nake awo, ɗanya da busasshiya. Maimakon kafofi kaɗan masu faɗi, sai in yi ƙanana da yawa, in jera su sama da ƙasa don iska ta ratsa. Aiki ne mai cin rai, ya ninka na da, amma tun daga lokacin ba akurkina ɗaya da aka buɗe aka ji wari a ciki, na babban bodari ko na ƙarami. Ku da kuke cewa ragar waya ta kejin kaji ta zo ta kashe sana'ar, ku je ku auna idon wayar da ake sayarwa, ku dawo mu yi magana. Idan mace ta ce in zagaya mata da turken, nakan ce mata itace ne, ta sa shi a murhu in tana so, kuma ba na murmushi idan ina faɗa.

Abin da ke ƙona mini rai shi ne yabon. Sai ka ji ana cewa Labbo hannunsa mai tsarki ne, ba irin na maigidansa ba. Duk wanda ya faɗa a gabana sai na zaunar da shi kamar yadda na zaunar da ku. Burgamin yana nan rataye a zaurena. Wanda zai zo gobe, kafin ya taka laka zan ba shi ya sa yatsunsa biyu a hudar, ya san awon na wane ne. Awon Baba Arzika ne. Ya samo shi ranar da aka hana shi gini, bai kuwa taɓa huda kafa ko ɗaya da shi ba.